Jifa aka ce, ashe cutar Parkinson ce

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina son in ba da labarin nan, hannun ne ba ya ba ni haɗin kai, yanzu ma ni nake faɗa babbar 'yata tana bugawa a waya, don haka in kun ga magana ta yi tsawo ko ta karkace ku yi haƙuri, haka malaman makaranta muke, in muka fara ba ma sanin wajen tsayawa. Ba zan kama sunan kowa ba. Ni malamin firamare ne a wani gari cikin yankin noman rani na kudancin Kano, inda ruwan dam ɗin Tiga yake bi ta magudanai yana shiga gonakin shinkafa da tumatir da alkama. Nan aka haife ni, nan na yi aure, nan kuma ciwon ya same ni.

Tun ina yaro abin da aka san ni da shi rubutu ne. A makarantar allo ni malam yake ba wa allunan ƙananan yara in rubuta musu, ni nake fiƙe alƙalami, ni nake dafa tawada da ƙaro. Da na shiga boko hannun ya bi ni, har na gama kwalejin horon malamai na dawo gida aka ɗauke ni aiki, rajistar makaranta ni, takardar shaidar gama aji shida ni, wasiƙar da mai unguwa zai aika wa hakimi ni, kai har katin ɗaurin aure kafin a samu masu kwamfuta a garin wajena ake zuwa. Ba kuɗi nake samu da shi ba, amma wallahi ina jin daɗin abin, mutum ya kawo maka farar takarda ya tsaya a kanka yana kallo yana cewa kai Malam wannan hannu naka. Ban da koyarwa ina noma kamar kowa a garinmu, albashin malami ai ba ya riƙe gida. Tun muna samari muke goya famfon feshi a baya mu shiga gona, maganin ciyawa mai ƙonewa nan take, a dama shi da hannu a bokiti, ba safar hannu ba abin rufe hanci, famfon yana yoyo rigarka ta jiƙe sharkaf har gadon baya, in an gama a wanke hannu a magudanar ruwa a zauna a ci ɗan wake. Haka kowa yake yi, haka har gobe ake yi. Zan dawo kan wannan.

Abin bai fara da rawar hannu ba, shi ya sa nake so mutane su kula. Ina dab da shekara arba'in na daina jin ƙanshi. Maman yara za ta sa turaren wuta ɗaki ya turnuƙe, ni hayaƙin kawai nake gani, miyar kuka da daddawa ta zama ba ta da wani armashi, na ɗauka mura ce ta daɗe. Sai bayan gida ya riƙa yi mini wuya, aka ce basir ne, na sha jiƙe-jiƙe iri-iri. Sai kuma barci, ina mafarki ina faɗa da wani sai in kai duka da gaske, akwai daren da na buge maman yara a fuska har wajen ya kumbura, da safe tana ɓoye wa yara, ni kuma ban san na yi ba. Duk waɗannan daga baya likita ya ce mini alamomi ne da kan riga rawar zuwa da shekaru. To wa zai haɗa toshewar hanci da bayan gida da mafarki ya ce ciwo ɗaya ne?

Rubutun ne ya fara tsorata ni. In na fara jimla a allo harafin farko lafiya lau, babba, amma kafin in kai ƙarshen layi sai haruffan su riƙa ƙanƙancewa suna matsewa, yaran da ke baya su ce Malam ba ma gani. In goge in sake, ya sake yin haka. Na canza alli, na je aka gwada mini ido aka ba ni tabarau, babu abin da ya canza. Sannan rawar ta zo, a hannun dama, kuma abin mamaki ba ta zuwa sai hannun yana hutawa. Ina zaune a tahiya hannuna a kan cinya sai babban yatsa da manuniya su riƙa murza juna, in na miƙa hannun zan ɗauki abu ta tsaya, in na ajiye ta dawo. Wanda yake kusa da ni a sahu yana gani, ina jin yana satar kallo. Na koma ina sa hannun a aljihu, ko in danne shi da na hagu in muna zaune a majalisa.

Abin da ya fi rawar ciwo a wajena shi ne nauyin jiki. Ɗaure zariyar wando, sa maɓallin riga, juyawa a kan katifa, alwala da nake yi kafin ladan ya gama kiran salla ta koma sai an tayar da iƙama ina wanke ƙafa. Fuskata ta daskare, ba na murmushi ko da a raina ina dariya, muryata ta yi ƙasa. Mutane suka fara cewa Malam ya canza, ya fara girman kai, ana gaishe shi yana amsawa ciki-ciki. Wani abokina tun na yarinta ya tare ni yace, wai me na yi maka ne kake ɗaure mini fuska? Na rasa me zan ce masa, don ni ban san fuskata a ɗaure take ba.

Daga nan aka shiga yawon neman magani. Mai kemis yace jijiya ce, ya ba ni bitamin. A ƙaramin asibiti aka auna jini aka ce taifot da maleriya, wanda dai kun sani duk wanda ya shiga da ƙafarsa da su zai fito. Wani yace hawan jini ne yake so ya shanye mini ɓarin jiki, aka auna jinin lafiya lau. Da asibiti ya ƙi ci sai gida ya ɗauka. Inna, Allah ya jiƙanta, tace wannan ba ciwon asibiti ba ne, jifa ne, yaron da hannunsa ne arzikinsa kuma a ce hannun ne ya fara lalacewa, ai magana a fili take. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, na sha rubutu, na shafa man zaitun da habbatus sauda, an kai ni wajen wani mai magani a wani ƙauye da sai an bar mota an hau babur, ya karɓi rago da kuɗi yace an binne abu a ƙofar ajina. Addu'a ban taɓa raina ta ba, har yau ita ce take riƙe da ni. Amma maganar jifa ta yi mana ɓarnar da ciwon kansa bai yi ba, domin in an ce jifa dole a nemo wanda ya yi jifan, kuma a gidanmu lokacin ana cikin rigimar rabon gonar gado da 'yan ɗakin kishiyar Inna. Ba sai na ƙarasa ba. Yayana da muke uba ɗaya, wanda shi ya koya mini hawan keke, aka daina gaisawa da shi, matarsa ta daina shiga gidana, yaransu da nawa suna haɗuwa a makaranta kowa ya kau da kai. Inna ta rasu ba su shirya ba. Wannan har yanzu in na tuna sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji.

Wanda ya fara gano bakin zaren wani yaro ne matashi, likita mai bautar ƙasa da aka turo asibitin garinmu, ba ma Bahaushe ba ne, Hausarsa kame-kame. Ni ba ma don kaina na je ba, ƙaramin ɗana na kai. Yana kallona tun daga ƙofa har na zauna, bayan ya gama da yaron yace Baba tashi ka yi tafiya in gani. Na tashi na je na dawo. Yace ka san hannunka na dama ba ya lilo in kana tafiya? Ya rubuta mini takarda zuwa asibitin koyarwa, wajen likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Da na kawo takardar gida aka ji kalmar ƙwaƙwalwa sai hankali ya tashi, wai yanzu kuma mahaukaci za a mai da shi, sai da na yi ta bayani cewa ba wancan ɓangaren ba ne. Samun ganin likitan ma wani aiki ne, watanni aka ba ni, ranar kuma tun asuba na bar gida na tarar da mutane daga Jigawa, Katsina, Bauchi, har da masu zuwa daga Nijar, duk likitocin da ba su taka kara sun karya ba a yawa ake jira.

Ba a yi mini wani gwajin na'ura mai tsada kafin a faɗa mini ba. Likitan ya sa na riƙa haɗa babban yatsa da manuniya da sauri ina buɗewa, na ga da idona yadda na dama yake gajiya yana ƙanƙancewa. Ya lanƙwasa mini gwiwar hannu yana jin taurin, ya tsaya a bayana ya ɗan fizgo kafaɗuna, ya ba ni biro yace in zana da'ira mai nannaɗewa in rubuta sunana. Na rubuta, ni da kaina na ji kunyar rubutun. Sai yace Malam ka san Muhammad Ali ɗan dambe? Nace wa bai san shi ba. Yace ka tuna lokacin da ya kunna wutar gasar Olympics a Atlanta a 1996 hannunsa yana karkarwa? To irin ciwonsa ne da kai, sunansa cutar Parkinson. Ya yi mini bayani da Hausa tsaf, Allah ya saka masa, yace can cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙwayoyi da suke samar da wani sinadari mai suna dopamine, shi ne yake sa motsi ya tafi sumul, kamar baƙin mai a injin ban ruwa, injin yana nan lafiyarsa ƙalau amma in man ya ja baya sai ya riƙa cijewa. Ƙwayoyin nan suna mutuwa a hankali, kuma kafin rawa ta bayyana an riga an rasa da yawa daga cikinsu. Nace ranka ya daɗe ana warkewa? Yace a'a, ba zan yi maka ƙarya ba, har yanzu duniya ba ta samo maganin da yake tsayar da shi ba, amma akwai wanda zai dawo maka da jikinka na shekaru masu yawa in Allah ya so.

A mota ina dawowa abu biyu ne suke kokawa a raina. Ɗaya tsoro, ciwon da ba ya warkewa kuma gaba yake yi, yarana ƙanana. Ɗayan kuma, ku yarda ko kar ku yarda, sauƙi ne na ji, ashe abin yana da suna, ashe wani likita a Landan mai suna James Parkinson ya rubuta bayaninsa tun 1817, shekara ɗari biyu ke nan ana saninsa, ni kuma ina can ana tona ƙofar ajina ana neman laya. Da na isa gida maman yara tana tsakar gida tana tankaɗe, tace Malam yaya aka yi? Nace an gano shi, ba jifa ba ne. Ta ajiye rariyar ta yi shiru, sannan tace to Yaya fa? Ita ma inda hankalinta ya fara zuwa ke nan. Washegari da magariba na je gidansa. Ba zan faɗi abin da muka ce wa juna ba, dattawa biyu suna kuka ba abin bugawa a waya ba ne.

Maganin sunansa levodopa, ana haɗa shi da carbidopa a ƙwaya ɗaya, tun ƙarshen shekarun 1960 ake amfani da shi, yana ma cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, wato irin waɗanda bai kamata a nema a rasa a kowace ƙasa ba. Da na fara sha aka ɗan daidaita mini adadin, wata safiya na tashi na sa riga na ɓalla maɓallai ban ma lura ba sai da na fito, na koma ɗaki na ɗauko biro na cika shafi guda da rubutu, ba irin na da ba amma ana karantawa. Yara suka ce Abba yana dariya. Shekarun da na yi ina wahala, ashe ƙwayar da ta girme ni ce maganin.

To amma samunta fa. A garinmu babu, a ƙaramar hukumarmu babu, sai cikin birni, can ma sai ka zaga manyan shagunan magani kafin ka dace, wani lokacin a ce ya yanke sai an kawo daga Legas, wani lokacin ka samu wani kamfani daban wanda ba ka san ingancinsa ba, kuma ciwon nan ba a yi masa fashin magani, in ka tsayar da shi kwatsam yana iya jefa ka cikin hatsari. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira, kuɗin maganin ya yi tashin da sai da na zauna da biro ina lissafin ko shi ko buhun masara. Na sayar da babur ɗina, dama hawansa ya fara gagarata. Akwai wani maganin mai araha da ake ba wa masu rawar hannu, benzhexol, wanda 'yan ƙwaya suka mai da shi abin maye suna ce masa Exol, ranar da na je saye da takardar likita a hannuna yaron shagon ya dube ni sama da ƙasa, ga murya ciki-ciki ga hannu yana rawa ga tafiya ana jan ƙafa, yace Baba kai ma? Mutane suna tsaye. Na karɓi takardata na fita. Daga baya ma likita ya cire mini shi saboda yana sa ni mantuwa da bushewar baki.

Zaman yau da gobe da ciwon nan sai da na koye shi da kaina. In na sha magani a kan wake ko nama ko fura da nono ba ya aiki sosai, sai in sha shi kamar rabin awa kafin abinci. Bayan 'yan shekaru ya fara sakina kafin lokacin na gaba ya yi, ina cikin tafiya lafiya sai jiki ya mutu, musamman a bakin ƙofa ko wajen juyawa, ƙafafu su manne da ƙasa, kai kana ba su umarni su sun ƙi. Mai gashin ƙashi a asibiti ce ta koya mini dabara, na ja layuka da alli a simintin tsakar gida daga ƙofar ɗaki zuwa banɗaki, in na kafe sai in kalli layin in ce tsallaka shi zan yi, sai ƙafar ta ɗaga. Baƙi in sun shigo suna ɗauka yara ne suke wasan 'yar gala-gala. Kullum bayan asuba ina tafiya a bakin magudanar ruwa ina buɗa taku ina wurga hannuwa da gangan, an ce motsa jiki yana cikin maganin, kuma na ga amfaninsa. An kuma gargaɗe ni da wasu magungunan amai da na masu taɓin hankali, suna ƙara ciwon, duk inda za a rubuta mini magani sai na faɗi abin da nake da shi. Azumi ne ya fi taɓa mini zuciya. Na gwada, kafin azahar na zama itace, likita yace ba zai yiwu ba, na tambayi malaminmu yace ciyarwa ce a kanka, Allah bai ɗora maka abin da ba za ka iya ba. Na sani, amma ranar farko da na sha ruwa da rana a watan Ramadan a ɓoye a ɗaki na sha, ina hawaye.

Aji kuma dole na bar shi. Murya ba ta kai wa baya, yara sama da ɗari a ɗaki ɗaya, aka mai da ni ofis ina jiran lokacin ritaya. Wata da watanni ban son fita, ban son magana, ina kwance ina kallon rufi, ashe wannan baƙin cikin ma wani ɓangare ne na ciwon, shi ma akwai maganinsa. Da aka zo neman auren 'yar nan tawa da take buga wannan rubutun, dangin yaron suka aiko a asirce suna tambaya wai ciwon babanta ana gadonsa ne? Tace in cire wannan, nace a bar shi. Na ce su zo, na zaunar da su na faɗa musu abin da likita ya faɗa mini, mafi yawan masu shi ba gado suka yi kai tsaye ba, ba ya yaɗuwa ta cin abinci tare ko musabaha, kuma ba hauka ba ne. An ɗaura, tana ɗakinta.

Yanzu ga abin da ya sa na ce sai na yi magana. Ni na yi aikin rigakafin shan inna, shekaru ina cikin masu bi gida-gida, ni ne mai rubuta alama da alli a jikin ƙofa saboda hannuna, ana ɗiga wa yaro a shafa masa tawada a ɗan yatsa. Na ga lokacin da aka dakatar da rigakafin a Kano a 2003 saboda jita-jita, na ga yadda aka dawo da shi a 2004, na ga yadda aka sa sarakuna da hakimai da masu unguwanni da limamai da masu shela da gidajen rediyo, har sai da tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san shan inna ƙwayar cuta ce, kuma a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Ke nan gwamnati ta san yadda ake sa ciwo ya zama sananne in ta ga dama, na gani da idona, da ni aka yi. Ban ce a yi wa Parkinson irin wannan gangamin ba, ba annoba ba ce. Amma minti biyar a rediyo da Hausa fa? Takarda ɗaya mai hoto a bangon kowane ƙaramin asibiti, da kwana ɗaya na horo ga ma'aikatan lafiya na karkara su san in mutum ya zo da rawar hannu a gefe ɗaya da nauyin jiki da tafiya ba lilon hannu to a tura shi gaba? Yaron nan mai bautar ƙasa daga ƙofa zuwa kujera ya gane ni. Ba na'ura ya sa ba, sani ne kawai.

Kuma ba mu kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum sama da miliyan 8.5 ne suke da shi a duniya, adadin ya ninka cikin shekara 25, kuma a shekarar ya yi sanadin mutuwar mutum 329,000. A watan Mayun 2022 ƙasashen da ke cikin hukumar suka amince da wani shiri na shekara goma, 2022 zuwa 2031, kan farfaɗiya da sauran cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, a ciki akwai wayar da kai, akwai samar da magani, akwai bincike. Mu ma muna cikin ƙasashen. A Amurka, inda masu ciwon suka kai kusan miliyan ɗaya, Muhammad Ali da ɗan fim ɗin nan Michael J. Fox, wanda aka gano nasa yana ɗan shekara 29, sun je gaban majalisar dattawa a 2002 suna neman a ƙara kuɗin bincike, kuma a watan Yulin 2024 shugaba Biden ya sa hannu a wata doka da ta wajabta wa ma'aikatar lafiyarsu tsara shiri na ƙasa kan cutar, da kwamitin da har masu ciwon da masu jinyarsu suke da kujera a ciki. Ba wai Amurka nake yabo ba, su ma sai da suka shekara da shekaru suna bugun ƙofa. Abin da na ɗauka shi ne masu ciwon ne suka fito da rawar hannunsu a gaban kyamara, ba su sa shi a aljihu ba irin yadda na yi.

Maganar bincike kuma akwai abin alfahari akwai abin takaici. A 2023 aka fitar da wani babban bincike wanda masana na Jami'ar Legas ƙarƙashin Farfesa Njideka Okubadejo suka yi tare da na Amurka da na Ingila, suka gano wani sauyi a ƙwayar halitta mai suna GBA1 da yake ƙara hatsarin kamuwa da Parkinson a jikin mutanen da asalinsu Afirka ne, abin da duk binciken da aka yi a kan Turawa bai taɓa nunawa ba. 'Yan Najeriya ne da yawa suka ba da jininsu, likitocinmu ne suka tattara. Amma babban kuɗin aikin daga waje ya zo, daga wani shiri da gidauniyar Sergey Brin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Google, take ɗaukar nauyinsa. Allah ya saka musu. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, akwai tambayoyin da ba wanda zai zo daga waje ya yi mana su. Ga maganin ciyawar nan da na ce zan dawo kansa, paraquat, bincike da dama sun nuna alaƙa tsakanin yawan mu'amala da shi da wannan ciwo, Tarayyar Turai ta hana amfani da shi tun 2007. Ba ina cewa shi ya jawo nawa ba, likita ma yace ba a iya nuna yatsa a kan mutum ɗaya. Amma yanki guda ne namu da dubban mutane suka shekara talatin suna wanka da maganin feshi, ga jami'o'i ga asibitocin koyarwa a kusa, me zai hana a ware kuɗi a zo a ƙirga mu, a ga ko masu rawar hannu sun fi yawa a cikin manoman rani? A Abuja aka taru a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya, a ƙasarmu aka yi alkawarin, har yau kasafin tarayya bai taɓa kai wa nan ba.

Tun da na daina ɓoye hannuna mutane suka fara zuwa. Wani ya kawo mini mahaifinsa da aka ajiye a ɗaki shekaru ana cewa tsufa ne, na rubuta musu ranar da ake ganin likita da motar da za su hau, yanzu tsohon da sandarsa yake zuwa masallacin Juma'a. Wata mata da mijinta ya mai da ita gidansu wai tana da iska, ita ma shi ne. Mun zama 'yar ƙungiya, muna da zaure a WhatsApp wanda yaranmu suke kula da shi, in wani ya ga magani a wani shago sai ya sanar, in wani nasa ya yanke a ranta masa ƙwaya goma kafin ya samu, in mutum ɗaya zai shiga birni ya sayo wa kowa. Yayana, wanda aka ce shi ya jefe ni, shi ne yake kai ni asibiti a motarsa duk ranar da zan ga likita.

Ranar 11 ga Afrilu ita ce ranar cutar Parkinson ta duniya, ranar haihuwar shi likitan na Landan. Mun rubuta wa hukumomin lafiya na yankinmu takarda muna roƙon a sa maganin a asibitin ƙaramar hukuma ko da saye ne, a kuma ba mu fili a rediyon gwamnati ranar, an karɓa an buga hatimi, muna jira. Kafin nan mun je wani gidan rediyo mai zaman kansa sun faɗa mana kuɗin rabin awa, muna ta karo-karo, likitanmu yace zai zo kyauta in ba ranar asibiti ba ce. Ni aka zaɓa in yi magana a madadin marasa lafiya, na ce musu a sa shirin da hantsi, lokacin magani yana jikina muryata ta fi fita.